Shin rundunar Rough Riders ce ta ɗaukaka Theodore Roosevelt, ko shi ne ya ɗaukaka ta?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman ƙarin haske game da rundunar sojojin doki ta 'yan sa-kai da aka fi sani da Rough Riders, wadda ta yi yaƙi a Kuba a 1898 lokacin da Amurka ta gwabza da Sifaniya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ko wata biyar rundunar ba ta yi ba aka wargaza ta, amma har yau sunanta ya fi na sauran rundunonin wannan yaƙin fita. Shin bajintarta ta kai haka, ko kuwa darajar Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ce ta bi ta?

Mai Nazari:
Wa alaikumus salam. Da farko dai, ba Roosevelt ne kwamanda ba lokacin da aka kafa ta. Shi mataimakin sakataren harkokin sojan ruwa ne da ya ajiye muƙaminsa a watan Mayu, ya shiga rundunar a matsayin laftanar-kanar a ƙarƙashin Kanar Leonard Wood, wanda likitan soja ne. An tara makiyayan shanu da masu haƙar ma'adinai daga Arizona, New Mexico da Oklahoma, aka haɗa su da 'ya'yan masu hali daga manyan jami'o'in gabashin ƙasar, aka horar da su a San Antonio. Da suka isa Tampa, tashar da za su tashi zuwa Kuba, jiragen ruwa ba su wadatar ba, saboda haka rukuni 8 cikin 12 ne kawai suka tafi, aka kuma bar kusan dukkan dawakan a baya. Wato a ƙasa suka yi yaƙin. Sai bayan karonsu da Sifaniyawa a Las Guasimas, Kuba, ranar 24 ga Yuni, da aka ƙara wa Wood girma, ragamar ta koma hannun Roosevelt.

Malamin Makaranta:
Malam Mai Nazari ya yi bayani, amma zan ƙara abu guda da ake yawan tsallakewa. A ranar 1 ga Yuli, tudun Kettle da ke kusa da tudun San Juan a Kuba ne Roosevelt ya jagoranci hawansa, yana bisa doki har sai da shingen waya ya tilasta masa sauka, kuma ba wanda ke musun cewa ya nuna jarunta. Sai dai ba 'yan Rough Riders kaɗai ba ne, domin sojoji baƙar fata na rundunonin doki na 9 da na 10 sun hau tare da su, bindigogin Gatling masu ruwan harsashi na Laftanar John Parker kuma sun karya lagon Sifaniyawa. A ganina, 'yan jarida sun fi mai da hankali ga Roosevelt ne saboda sun riga sun san shi, shi ma kuma ya iya mu'amala da su.

Mai Nazari:
Haka ne, Malam, kuma ribar ba ta daɗe ba ta fito. A watan Agusta rundunar ta koma Amurka, ta sauka a Montauk a jihar New York, da zazzaɓin cizon sauro ya galabaita sojojinta, a Satumba aka sallame su, a Nuwamba kuma aka zaɓi Roosevelt gwamnan New York. A 1900 ya zama abokin takarar Shugaba William McKinley, aka zaɓe shi mataimakin shugaban ƙasa; da aka harbe McKinley ya rasu a Satumban 1901 kuwa, sai ya hau mulki yana da shekara 42. Babbar lambar yabon soja da ya nema a kan yaƙin Kuba an hana shi a lokacin, ba a ba shi ba sai 2001, shekara 82 bayan rasuwarsa.