Laptop ɗina ta yi nauyi: SSD zan saya ko RAM zan ƙara?

Sabon Ɗalibi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Laptop ɗin da nake karatu da ita RAM ɗinta (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) 4GB ne, da tsohon hard disk (faifan ajiye bayanai). Kafin ta gama tashi sai an yi minti uku, kuma da na buɗe Chrome da Word tare sai ta maƙale. Kuɗin abu ɗaya gare ni. Wanne zan fara saya?

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Kafin ka sayi komai, danna Ctrl+Shift+Esc ka buɗe Task Manager, ka shiga Performance. In Disk na zaune a 100% lokacin da take maƙalewa, faifan ne matsalar. Hard disk faranti ne ke juyawa a cikinsa, galibi sau 5400 a minti, SSD kuwa, ma'ajiyar bayanai da ke maye gurbinsa, ba abin da ke motsi a ciki, shi ya sa ya fi sauri. Nemi SSD na SATA (nau'in mahaɗinsa ke nan) mai inci 2.5. 256GB ya ishe ka.

Malamar Kwamfuta:
Haka ne, amma 4GB ɗin ma ya yi kaɗan. In RAM ya cika, Windows kan koma ajiye bayanai a faifai, shi ya sa komai ke ja. Daga baya ka kai shi 8GB. Ka dai tabbatar ko nau'in RAM ɗinka DDR3L ne ko DDR4, don ba sa shiga ramin juna, wasu kwamfutocin ma nasu a like yake da babban allon cikinsu (motherboard).

Mai Gyara:
Na manta, ɗan uwa: kwashe fayilolinka tukuna, ka tanadi filashi mai 8GB na saka Windows, sannan ka cire wayar batir kafin ka taɓa faifan.