Sitiyari da layin mai a tsohon jirgin filafilai: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai Tsohon Jirgi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Jirgin da ke hannuna na faiba ne, ƙafa 34, ƙirar 1981, injin dizal Perkins 4.108 ne a cikinsa. Makon jiya muna dawowa iska ta tashi ruwa ya rikice, muka yi kusan awa 3 jirgi na ta tangal-tangal, da muka zo bakin tasha na fara sauke filafilai na tayar da inji, wallahi bai yi minti 10 ba ya fara shaƙewa yana hawa yana sauka, can sai ɗif. Allah ya taimake mu ban gama naɗe filafilin gaba ba, da shi muka juya muka koma fili muka jefa anka. Da na kwance filta sai ga wani baƙin abu mai yauƙi ya toshe ta gaba ɗaya. Ga kuma sitiyari yana wasa, sai ka juya kamar tafin hannu guda kafin jirgi ya amsa. Ina so in gyara duka biyun kafin in sake fita, duk wanda ya taɓa yi da hannunsa don Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Tsohon Matuƙi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da arziki. Injinka lafiyarsa ƙalau, tanki ne. Baƙin abin nan ƙwayoyin cuta ne, suna zama daidai inda ruwa ya haɗu da dizal a gindin tanki, suna cin man suna hayayyafa, mushensu yana kwanciya a ƙasa shekara da shekaru ba ka sani ba, ranar da ruwa ya girgiza jirgi sai duk ya taso ya bi bututu. Shi ya sa kullum sai a mugun wuri yake kashe inji. Ni sau 3 na canza filta ina cewa na gama, a na huɗu na haƙura na zuƙe man kaf, na yanka ƙofa a saman tankin. Ka lura, tanki yana da shinge-shinge a ciki don kada mai ya riƙa kai-komo, kowane ɗaki sai ka samu hanyar zura hannu, ni ƙofa biyu na yi. Da tsumma da abin kankara na kwashe, abin da ya fito ya kusa cika ƙaramin bokiti. Sannan ka zaro bututun da ke zuƙo mai ka duba bakinsa, nawa akwai wata 'yar raga a jiki da ta toshe, na cire ta na yar, gara dattin ya zo filta inda hannuna ke kaiwa.

Makanike:
Duk abin da Baba ya faɗa haka ne, amma ka nemo ta inda ruwan ke shiga in ba haka ba aikin banza ne. Yawancin waɗanda na buɗe, robar nan ta murfin zuba mai da ke kan dakalin jirgi ce ta bushe ta tsage, ruwan sama da feshin teku suna tsiyaya ciki. Ka canza ta ka ɗan shafa giris. Kuma dizal na yanzu ba irin na da ba ne, a Turai ana gauraya masa man tsirrai har kashi 7 cikin 100, shi ne B7 da ake rubutawa a jikin famfo, wannan yana jan ruwa kuma ba ya son dogon zama.

Ni a nawa filta biyu na kamfanin Racor na jera da bawul a tsakani, in ɗaya ta toshe in murɗa hannu kawai inji bai ma sani ba. Na sa geji mai nuna ƙarfin zuƙa, da allura ta fara hawa na san lokaci ya yi. Ta farko maikiron 30 nake sawa (maikiron shi ne ma'aunin girman ramukan filta), ta jikin inji ita ce mai tace ƙananan. Tiyo kuma ka duba rubutun jikinsa, ka nemi mai ISO 7840 A1, shi ne mai jure wuta. Kuma don Allah ka koyi fitar da iska daga layi tun kana ɗaure a tasha. A 4.108 akwai notin saman filta, akwai biyu a jikin famfon injekta, ka sassauta su kana danna hannun ƙaramin famfo har kumfa ya daina fita, in ya ƙi tashi ka sassauta bututun nozul ka buga ki. Washar jan ƙarfe kuwa in ka kwance ka sa sabuwa.

Ɗan Anka:
Malam Makanike ni 10 nake sawa a ta farko, don canza ta jikin inji a cikin wannan matsatsin ruwa na kaɗawa ba ƙaramin aiki ba ne, gara ta wajen ta kama komai. Wani abu kuma, kafin ka ɓata ƙarfinka wajen wanki ka leƙa ƙarƙashin tankin da tocila da madubi. Nawa na alminiyom ne, zaune yake kan katako mai danshi, daga sama fes amma gindin duk ya yi ƙananan ramuka, warin dizal da muka shekara muna nema ashe daga nan ne. Sabo na sa, na ɗora shi kan layukan roba mai tauri don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa.

Uwargidan Jirgi:
Sannunku. Ni maganar sitiyarin ce ta sa na shigo don abin ya same mu. Da dare ne, ina riƙe da sitiyari maigidan yana barci, sai na ji ƙas, sitiyari ya saki yana juyawa a banza jirgi ya bi iska. Wayar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da wutsiya, wato farantin da ke juya jirgi a cikin ruwa, ita ce ta tsinke daidai inda take lanƙwasa kan fuli, 'yar tayar da take bi ta kai. Sandar ko-ta-kwana, wadda ake tuƙi da ita in sitiyari ya lalace, tana can ƙasan akwati ƙarƙashin igiyoyi, da muka ciro ta kuma murfin ramin da ake zura ta ya kafe da gishiri, sai da guduma. Tun daga ranar duk farkon tafiya sai mun ɗora ta mun tuƙa da ita na ɗan lokaci, kuma abin buɗe murfin a ɗaure yake a jikinta.

Yadda muke duba waya yanzu: ka ɗiga baƙin mai a tishu ka bi jikinta a hankali wani yana juya maka sitiyari, in sili ko ɗaya ya karye zai kama takardar, kada ka yi da yatsa zai yage ka. In ka ga ɗaya to ka canza waya da sarƙa tare, don sarƙar tana ɓoye cikin ginshiƙin sitiyari tana tsagewa ba a gani. Mai sili 7x19, wato ɗauri 7 kowanne da sili 19, ake sawa don ita ce ke lanƙwasa. Kilif biyu kowane baki, kuma ɓangaren da ya lanƙwasa kamar U ya hau kan guntun bakin, shimfiɗaɗɗen ya zauna kan mai ɗaukar nauyi. Kada a ja ta kamar tsirkiya, ka kulle sitiyari ka gwada motsa ƙarfen nan mai kamar rabin faifai da ke kan sandar wutsiya, in bai motsa ba ya isa.

Tsohon Matuƙi:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, wasan sitiyari ba kullum waya ba ce. In an fitar da jirgi tudu ka kama ƙasan wutsiyar, farantin da ke juya jirgi a cikin ruwa, ka girgiza gefe da gefe, in ka ji ƙwas-ƙwas bushin da sandar ke juyawa a ciki ne ya ci. Ni na huda 'yar ƙofa a gindin tawa, ruwa mai kalar tsatsa ya yi kwana 2 yana ɗiga, ma'ana ƙarafan ciki sun jiƙe, kuma sitenles in ba ya samun iska cin kansa yake a ɓoye. Sai da aka tsaga ta aka sake walda.

Mai Tsohon Jirgi:
Allah ya saka da alheri duka. Jiya na shiga ramin baya da tocila, wayar ba ta karye ba amma farantin da ke riƙe da fuli biyu ƙarƙashin ginshiƙi ya rube da tsatsa, da sukundireba na taɓa sai ɓarewa yake, fuli ɗaya har ya karkace, can wasan yake. Robar murfin mai ma a tsage take kamar yadda Malam ya ce. Na zuƙe lita 60 cikin jarkoki, ruwan da ya kwanta a ta ƙarshe ya kai yatsa biyu. Gobe zan auna inda shingen tankin yake kafin in yanka. Baba, ƙofofin naka faɗin nawa ka yi su, kuma da wace irin roba ka rufe bakin?