Jinin cibiyar jariri zai yi wa yayansa maganin kansar jini?

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana Sadiƙ shekararsa 6, kansar jini gare shi, irin wadda likitoci ke kira ALL. Shekara biyu muna kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, gashinsa ya zube ya sake tsirowa, har ya koma makaranta. Watan jiya ya fara kukan ciwon ƙafa da daddare, aka ɗebi ɓargo, aka ce kansar ta dawo. Ni kuma ga ciki wata bakwai. Likita ya ce mu yi tunanin ajiye jinin cibiyar abin da zan haifa, ko a yi wa Sadiƙ dashe da shi. Ni dai na san mabiya binne ta ake yi. Ɗibar jinin ba zai taɓa lafiyar jaririn ba?

Anti Nas: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Sadiƙ lafiya. Kwantar da hankalinki, sai an yanke cibi ake zuƙe jinin da ya rage a igiyar, jaririn bai ma sani ba. Mabiyarki kuma a miƙo miki. A cikin jinin nan akwai ƙwayoyin da ke gina sabon ɓargo. Tun 1988 aka fara wannan dashen a Faris, da jinin cibiyar ƙanwar wani yaro. Amma sai an gwada an ga sun dace, kuma tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke dacewa gaba ɗaya.

Baban Husna: 'Yar uwa, mu a Indiya aka yi wa Husna dashen. Ba tiyata ba ce, ta jijiya aka sa mata kamar ƙarin jini, bayan kemo mai ƙarfi da ya share ɓargonta. Jiran ne wuya. Jinin cibiya ba shi da yawa, shi ya sa yake jinkirin kamawa. Kwana 25 muka yi a killace, har tuffa sai an dafa mata, kullum asuba idona na kan takardar gwaji. Ki fara shiri tun yau, don ba a ranar naƙuda ake neman jakar ɗiba da wurin daskarar da jinin ba.

Maman Sadiƙ: Na gode ƙwarai. To idan ba su dace ba fa?

Anti Nas: Akwai rumbunan jinin cibiya a ƙasashen waje, kuma shi ba sai ya dace ɗari bisa ɗari ba. Ana kuma yi da ɓargon uwa ko uba. Ki tambayi likita waɗannan biyun ranar asibitinku.