Darbejiyar maƙwabci ta tare min tauraruwar arewa

Sali Garwa: Jama'a, na gaji. Na sayo madubin hangen taurari mai gindin da ke bin juyawar sama. Dole sandar gindin ta kalli tauraruwar arewa, in ba haka ba duk abin da ka kama sai ya sulale maka. A nan Garwa digiri 9 kawai ta ɗago daga ƙasa, ga wata darbejiyar banza ta maƙwabcina ta tokare wurin. Duk mai bishiya a arewa da gidansa ya haƙura, abin nan ba ya saituwa.

Hajja Dija: Banza? Ɗan nan, in zafin Afrilu ya tsananta, gindin wa kake shimfiɗa tabarma?

Malam Buba: Yana saituwa mana. Ɗaga sandar digiri 9 da 'yan kai. Kafa kara a tsaye da rana, inda inuwarsa ta fi gajarta nan ne layin kudu da arewa, ka zana shi a ƙasa, ka daidaita sandar da shi. Da dare ka kama tauraron da ke kusan saman kanka, ɗan kudu kaɗan. In yana zamewa kudu ko arewa, murɗa gindin gabas ko yamma. Sai ka koma kan wani na ƙasa-ƙasa a gabas ka gyara tsayi. Ita kanta tauraruwar arewan ta goce daga ainihin wurin da sandar za ta kalla da sama da rabin digiri.

Hamadu: Hajja ta yi gaskiya. Kakarmu da ganyen darbejiya take mana maganin zazzaɓi.

Sali Garwa: Ni ban zagi kakar kowa ba.

Abakar Injamena: Mu nan tauraruwar digiri 12 take, tar muke ganinta. Ku dawo Chadi.

Hamadu: Tar a ina? In hazo ya sauko a Janairu, ko garin Kusiri da ke tsallake ba kwa hangowa daga bakin kogi.

Abakar Injamena: Ka taɓa tsallaka gadar kuwa?

Hajja Dija: Har yanzu Sali bai janye kalmar ba fa.

Malam Buba: Sali, ka gwada karan?

Hamadu: Bari in taƙaita wa waɗanda suka zo a makare. Sali ya zagi bishiya, iyayenmu sun tsawatar masa. Na Injamena ya cika baki, an ba shi amsa. Malam Buba ma ya kawo wata magana ta kara da inuwa, mai so ya hau sama ya karanta.