Wane suna za mu ba wannan bututun da ke cikin kwamfuta?

Jama'a, ina neman shawararku. Duk wanda ya taɓa buɗe bayan kwamfutar tafi-da-gidanka ya ga wani siririn bututu na jan ƙarfe, a baje kamar an taka shi, ya taso daga kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya lanƙwasa zuwa bakin fanka. Turawa na ce masa heat pipe. Jiya ina yi wa yaran shagonmu bayaninsa sai na rasa sunan da zan kira shi.

Wani ya ce "bututun zafi" kawai. Ban gamsu ba. Bahaushe ya ji haka, salansar mota zai tuna, ko bututun ruwan zafi na banɗaki. Wani kuma ya ce "bututun sanyaya", to amma shi ba ya haifar da sanyi kamar firji, ba shi da kwamfuresa, ba ya shan wuta.

Bari mu duba aikinsa tukuna. A toshe yake baki biyu, an zuƙe iskar ciki, an bar ɗan ruwa kaɗan. Da yake babu iska, ruwan ba ya jiran digiri 100 kafin ya tafasa. Furosesa na ɗaukar zafi sai ruwan ya zama tururi, ya ruga ɗaya bakin inda fanka ke hurawa, ya koma ruwa kamar gumin da ke taruwa a murfin tukunya. Ƙarfinsa na nan: zafin da ake bukata a mai da kilo ɗaya na ruwa tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda zai kai shi daga digiri 0 zuwa 100. Shi ya sa ɗan ruwan nan yake kwasar abin da sandar jan ƙarfe mai kaurinsa ba za ta iya ba.

To yaya ruwan ke komawa? Na yanka wani mataccen bututu da zarto, na ga jikinsa ta ciki gautsi-gautsi, garin jan ƙarfe ne aka gasa ya manne. Wannan lagwani ne sak. Yadda lagwanin fitilar ƙwai ke jan kananzir sama, haka yake jan ruwa ya mai da shi wajen zafi. Wannan kalma kam muna da ita tun kaka da kakanni, ba sai mun ara ba.

Ni shawarata: bututun dakon zafi. Ɗan dako ba shi ya yi kayan ba, ɗauka yake ya sauke, ya dawo ya sake ɗauka. Bakin da ke kan furosesa sai mu ce maɗauka, na wajen fanka kuma masauka.

Na gwada sunan a kan lissafin injiniyoyi, ya zauna. Idan suna auna ƙwazon bututu, tambayarsu ita ce wat nawa na zafi zai iya dako (wat ma'aunin ƙarfi ne), kuma digiri nawa ne tsakanin maɗauka da masauka. Idan kaya suka fi ƙarfin lagwani, ruwa ya kasa dawowa da sauri, maɗauka sai ta ƙafe, zafi ya yi sama nan take. Wannan sai mu kira shi iyakar lagwani. Lanƙwasa bututu da baje shi suna rage masa ƙarfi, haka ma in aka sa maɗauka a sama, lagwani na jan ruwa yana hawan tudu.

Shi kansa sunan Turancin wani ne ya raɗa shi: George Grover, a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka, a 1963. Kuma abin bai tsaya a kwamfuta ba. Ana sa masu ɗauke da sinadarin amoniya a maimakon ruwa a taurarin ɗan'adam. Akwai kuma irin da ba shi da lagwani, nauyin ruwa ne ke dawo da shi ƙasa, shi aka kakkafa a ƙafafun bututun mai na Alaska da aka kammala a 1977, don kada daskararriyar ƙasa ta narke. Shi sai mu ce bututun dako marar lagwani.

Wani malami ya fi son "jigila" a kan "dako", ya ce ta fi nuna kai-da-komo. Yana da hujja, amma "dako" ya fi sauƙi a baki, kuma yaran shago sun kama shi tun jiya. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuke gyara da kalmomin Faransanci, in kuna da wani suna ku kawo mu ji.