Kofin Brazil na 1987: na Flamengo ne ko na Sport Recife?

Ɗan Gávea: Jama'a, ga abin da na tsaya a kai, mai ja ya ja: Flamengo ce zakarar Brazil ta 1987. A tsakiyar shekarar, hukumar ƙwallon ƙasar, CBF, ta fito ta ce ba ta da kuɗin shirya gasar ƙasa. Manyan ƙungiyoyi 13 suka haɗa kai a watan Yuli suka kafa Clube dos 13: huɗu daga Rio, huɗu daga jihar São Paulo, Grêmio da Internacional, Cruzeiro da Atlético Mineiro, sai Bahia. Suka gayyato Coritiba da Goiás da Santa Cruz suka cika 16, suka nemo kuɗi daga tashar Globo da Coca-Cola da kamfanin jiragen Varig, suka buga Copa União. Flamengo ta fitar da Atlético a zagayen kusa da na ƙarshe, 1-0 a Rio, 3-2 a Mineirão. Wasan ƙarshe da Inter (Internacional) aka yi kunnen doki 1-1 a Porto Alegre, sannan Bebeto ya ci ɗaya mai ban haushi a Maracanã ranar 13 ga Disamba. Zico, Renato Gaúcho, Leandro, Zinho, Jorginho, Leonardo duk suna cikin tawagar. Sport kuwa ko ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan 16 ba ta kara da ita ba a gasar. Da me ta zama zakara?

Zakin Ilha: Malam, ka ba da rabin labari ka riƙe rabi a aljihu. CBF ba ta saki gasar ba, dawowa ta yi ta tsara ta gida-gida. Copa União ita ce Módulo Verde, wato rukunin kore, sannan ga Módulo Amarelo, rukunin rawaya. Dokar ta ce ƙungiyoyi biyu na saman kowane rukuni za su haɗu su huɗu, gida da waje, a fitar da zakara da masu zuwa Libertadores, gasar zakarun Kudancin Amurka. A Janairun 1988 Flamengo da Inter suka ƙi fitowa fili, aka ba Sport da Guarani, na saman rukunin rawaya, makin wasannin. Su biyun suka buga nasu: 1-1 a Campinas, garin Guarani, sai 1-0 a Ilha do Retiro, filin Sport, ranar 7 ga Fabrairu, Marco Antônio ya ci wa Sport. Wanda ya ƙi shiga fili shi ya hana kansa karawa. Ka ce Sport ba ta buga da manya ba, to wa ya gudu?

Ɗan Gávea: Rukunin rawaya gasa ta biyu ce aka sa mata babbar riga. A ina aka taɓa cewa zakaran gasa ta ɗaya ya je ya kare kofinsa a hannun na ƙasa da shi?

Zakin Ilha: To wa ya faɗa gasa ta biyun, kuma a wace kaka? Guarani ce ta zo ta biyu a gasar 1986, sai a bugun fenareti São Paulo ta ƙwace kofin a hannunta. América ta Rio ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. Dukansu an bar su a waje saboda ba su da yawan magoya bayan da masu talla ke so. In ka cire São Paulo, babu ƙungiya ɗaya a Copa União da ta fi Guarani matsayi a kakar da ta gabata. América ma fushi ta yi ta ƙi buga rukunin rawayar gaba ɗaya, shi ya sa aka buga shi da 15. Gasar da ake shiga da katin gayyata ba ta da bakin kiran wata ta biyu.

Mai Kundi: Ku ba ni dama in sa baki a kan dokar, don a nan igiyar ta ƙulle. Eurico Miranda na Vasco shi ya wakilci Clube dos 13 a zaman da aka yi da CBF, kuma ya amince da haɗuwar ƙungiyoyi huɗun. Shugabannin Clube dos 13 suka ce ba da yawunsu ya yi ba, suka kuma sanar tun gasa na gudana cewa duk wanda ya kai ƙarshe a cikinsu ba zai buga ba. Majalisar wasanni ta gwamnati ta wancan lokaci, CND, ta goyi bayan Flamengo. Rinjayen ƙungiyoyi ma ya so a soke haɗuwar, amma canza doka bayan an fara gasa sai da amincewar kowa da kowa, ba a kuwa samu ba. Da wannan Sport ta yi nasara a kotun tarayya da ke Recife, jihar Pernambuco, a 1994, kuma zuwa 1999 hukuncin ya zama wanda ba a sake ɗaukaka ƙara a kansa. Duk abin da ya biyo baya a kan wannan tubalin ya tsaya. A Fabrairun 2011 CBF, ƙarƙashin shugabanta Ricardo Teixeira, ta ce a raba kofin biyu, kotu ta sa ta janye cikin 'yan watanni. A Afrilun 2017 wani sashe na kotun ƙoli ya tabbatar wa Sport ita kaɗai da ƙuri'a 3 da 1. Alƙalan nan ba su auna wanda ya fi iya ƙwallo ba. Abin da suka ce shi ne takardar hukumar wasa ba ta rushe hukuncin da ya riga ya kammala.

Ɗan Gávea: Madalla, Mai Kundi, ka faɗa da bakinka: kofin kotu ne. Kuma kotun farkon a garin su Sport take.

Zakin Ilha: Kotun ƙoli fa, ita ma a Recife take? Brasília take, Malam. Sannan ka duba wa ya wakilci Brazil a Libertadores ta 1988: Sport da Guarani. Flamengo ba ta je ba.

Bakin Ganga: Ni ba na ɗaya daga cikinku, kuma kowannenku akwai inda yake kauce wa. Zakin Ilha, ba ka gaya wa mutane yadda aka ƙare rukunin rawaya ba. Guarani ta ci 2-0 a gida, Sport ta rama 3-0, aka yi ƙarin lokaci babu ci, aka shiga fenareti har 11-11, sai shugabannin ƙungiyoyin biyu suka ce a tsaya haka a raba. Wace doka ce ta yarda da wannan? Masu cewa a bi doka sau da ƙafa su ma sun taka ta a daren da ya fi muhimmanci. Kai kuma Ɗan Gávea, ka ce ba a taɓa haɗa rukunin sama da na ƙasa ba. An yi a 2000, kuma Clube dos 13 ɗin ce da kanta ta shirya gasar ƙasa ta shekarar, Copa João Havelange, lokacin da shari'ar ƙungiyar Gama a kotu ta ɗaure hannun CBF. São Caetano ta fito daga rukunin rawaya, ta fitar da Fluminense da Palmeiras da Grêmio, sai a wasan ƙarshe Vasco ta tare ta. Ka ga ashe ƙaramar ƙungiya na iya ba da mamaki, don haka ba wanda zai rantse cewa Flamengo za ta lashe haɗuwar 1988 da an buga.

Ɗan Gávea: A 2000 kowa ya san tsarin kafin a take leda, kowa ya yarda. A 1987 Clube dos 13 ta riga ta sayar wa Globo da masu talla gasar ƙungiyoyi 16 mai wasan ƙarshe guda. CBF ta ga kuɗi sun shigo, sai ta dawo tana neman wuƙa da nama. Magabaciyarta, hukumar CBD, ce ta kumbura gasar ƙasa har ƙungiyoyi 94 a 1979 don faranta wa 'yan siyasa, ita CBF ta ce ta gaza, sannan ita ce za ta zo ta ce ga yadda za a fitar da zakara?

Mai Kundi: Akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi a ɓangarenka, ba ka ɗauko ta ba. A Disamban 2010 CBF ta mayar da tsofaffin gasanni biyu, Taça Brasil ta 1959 zuwa 1968 da Robertão ta 1967 zuwa 1970, kofunan ƙasa. Sakamakon haka 1968 tana da zakaru biyu, Botafogo da Santos, Palmeiras kuma tana da kofi biyu a 1967 kaɗai. A 2023 ma an ƙara wa Atlético Mineiro na 1937. Saboda haka zakaru biyu a shekara ɗaya ba baƙon abu ba ne a kundin Brazil. Abin da ya bambanta 1987 shi ne hukuncin kotu da ya rufe ƙofar, ba wai tsarin ƙwallon ne ya hana ba.

Zakin Ilha: Waɗancan gasa biyu ne daban-daban, kowace da dokarta da wasan ƙarshenta. 1987 gasa ɗaya ce mai doka ɗaya. Ba a raba kofi da wanda ya ƙi zuwa zagayen ƙarshe.

Bakin Ganga: Kada ku manta da São Paulo, ita ta fi kowa cin riba. Akwai kofin da bankin Caixa ya samar, Taça das Bolinhas, na ƙungiyar da ta fara cin gasar sau uku a jere ko sau biyar jimilla. In an ƙirga 1987, Flamengo ta cika biyar tun 1992: 1980, 1982, 1983, 1987, 1992. In ba a ƙirga ba, São Paulo ce ta fara a 2007, bayan 1977, 1986, 1991 da 2006. São Paulo aka miƙa wa a 2011. Abin dariyar shi ne shugaban São Paulo na 1987, Carlos Miguel Aidar, shi ne shugaban Clube dos 13 na farko, wato ƙungiyarsa na cikin waɗanda suka ce kada Flamengo ta buga haɗuwar.

Ɗan Gávea: Wannan kam cin amana ne, ba shi da wani suna. Inter ma ta sadaukar da damarta ta zuwa Libertadores saboda alƙawarin nan.

Zakin Ilha: To ku je ku warware da São Paulo, ita ta ci amanarku. Tauraron 1987 yana kan tambarin Sport, kuma a jerin zakaru na CBF suna ɗaya ne a gaban shekarar. Ɗan Gávea, ka amsa min abu ɗaya kawai: in rukunin rawaya gasa ta biyu ce, a wane wasa Guarani ta faɗa cikinta?