Kansar dubura: asibitin gwamnati ko na kuɗi?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum jama'a, shawara nika nema. Kawuna ya kai shekara ɗaya yana shan maganin basir jini bai tsaya ba, sai da anka yanki tsoka anka kai gwaji sannan anka ce kansar dubura ce. Yanzu gida ya rabu biyu, wasu na cewa a sai da gona a kai shi asibitin kuɗi wai can an fi warkewa

Maman Biyu: Wa alaikumussalam, Allah ba shi lafiya ƙanena. Don Allah kar ku yi gaggawar sai da gona. Mu da mahaifina wani asibitin kuɗi munka fara zuwa, gwaji da hoto kam nan da nan, amma sai ga shi ana ta maganar tiyata, da munka tambaya ina na'urar gashi, wadda aka ƙona kansa da haskenta, anka ce babu, ƙarshe dai asibitin koyarwa munka koma kuɗi sun riga sun tafi

Malamar jinya: Hajiya ta faɗi gaskiya. In kansar bakin dubura ce, ba ta can cikin hanji ba, ba da yanka aka fara maganinta ba, tun wajen 1974 likitoci sunka gano gashi haɗe da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, na narkar da ita mutum ya tsira da duburarshi, tiyatar da aka sa ma mutum jakar bahaya a gefen ciki sai in gashin bai yi ba ko ciwon ya dawo. Gashin Litinin zuwa Juma'a ne, mako 5 zuwa 6. Cikin abubuwan da ka raba masu warkewa da waɗanda ba su warke ba akwai jinkiri da tsallake ranaku, mai kuɗi yakan fara da wuri shi ya sa aka ganin kamar asibitinsu ya fi

Ɗan Mabera: To Anti mi za mu yi yanzu

Malamar jinya: Ku ɗauki sakamakon tsokar ku tafi UDUTH, asibitin koyarwa na Sakkwato, sashen gashi, ku tambaya yaushe za a sa shi layi. Gwajin jini da hoto in layi ya yi tsawo ku yi su waje. A yi mai gwajin HIV kuma, ba zargi ba ne, ka'ida ce

Baban Arkilla: Kuma in daga ƙauye yake ku nema mai masauki cikin gari, kuɗin mota kullum shi ka sa mutane yanke gashi tsakiya. Akwai ɗaki gidana ɗana, ka biyo ni ta gefe

Ɗan Mabera: Na gode Baba, Allah saka da alheri, gobe da sassafe za mu tafi in sha Allahu